Ruwan da zai sauko idan an ɗauke wuta

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Alhamdu lillahi, babban tankin kifin teku ya iso gida lafiya. Mu huɗu muka sauke shi daga bayan a-kori-kura, muka lallaɓa da shi har falo, ba mai ko tari. Tsawonsa santimita 120, faɗinsa 50, zurfinsa 50, kaurin gilashin milimita 10. In ka ninka ukun ka raba da 1,000, lita 300 ke nan, amma sai an cika shi har baki. Ruwan da zai zauna ciki ba zai wuce lita 270 ba.

Shekara shida ina kiwon kifin ado na ruwan daɗi a nan Rikkos, na teku kam ban taɓa gwadawa ba. Duk wanda na gaya wa sai ya tambaye ni ina zan samo teku a Jos, garin da ke kan tudu kusan mita 1,200. Ruwan haɗa shi ake yi da gishiri na musamman, wannan zancen wata rana ne. Abin da ke gabana yanzu shi ne tanki na biyu, wanda zai ɓuya cikin kabad a ƙarƙashin babban. Masu harkar suna ce masa samp, ni tankin ƙasa nake kiransa. Ruwan sama ya tumbatsa cikin wani ɗan akwati a kusurwa, ya gangara ta bututu zuwa ƙasa, a tace shi, a ɗumama shi, famfo ya sake tura shi sama. Haka zai yi ta kewayawa dare da rana. Hita da na'urar tacewa da sauran tarkace duk su koma can, idon baƙo ya ga kifi da dutse kawai. Ga kuma ƙarin ruwa, domin ruwa mai yawa ba ya saurin sauya zafi ko gishiri.

Na sha karanta cewa tankin ƙasa ya kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na babban. Tsohon tankina 60 da 30 da 30 ne, lita 54, kashi 20 cif na lita 270. Na wanke shi na kife a baranda, ina murna kuɗin gilashi sun huta.

Talata, 12 ga Nuwamba

Bayan isha'i aka ɗauke wuta, ina tsaye kusa da tankin. Nan tambayar ta faɗo mini: in da famfo yana aiki a wannan lokacin, ina ruwan da ke sama zai nufa? Na kunna tocilan waya, na ɗauko biro da takarda.

Famfo na tsayawa, ruwa ba ya tsayawa tare da shi. Wanda ya ɗara haƙoran akwatin kusurwa, wato tsagogin bakinsa da ruwa ke bi, zai ci gaba da zuba har ya sauka daidai da su. Wannan mai sauƙi ne. Babban abin tsoro shi ne bututun mayarwa, domin bakinsa a nutse yake cikin tankin sama, kuma da zarar turi ya ƙare sai ya juya ya zama zuƙo, kamar yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota da mesa. Ba zai daina ba sai bakin ya shaƙi iska.

Cikin tankin, in an cire kaurin gilashi, 118 ne da 48. Kenan duk santimita ɗaya da ruwan sama ya sauka, lita 5.7 ta tafi ƙasa. Na yi niyyar nutsa bakin bututun santimita 5, wajen lita 29 ke nan. Akwatin kusurwa zai saki kusan lita 4 da rabi, bututai lita 2. Sai sikima, na'urar nan da ke kaɗa iska da ruwa su yi kumfa, kumfar ta kwaso dattin da ya narke ta tara shi a kofi. Ita ma tana riƙe da wajen lita 3 a cikinta muddin tana aiki, ta sake su in ta mutu. Jimla lita 38 da ɗoriya, na ce a bar shi 40.

To tsohon tankin fa? Sikimar da na saya tana son zurfin ruwa tsakanin santimita 20 da 22. Abin da ya rage zuwa baki bai wuce santimita 10 ba, kuma a tanki mai 60 da 30 kowace santimita lita 1.8 ce. Lita 18 za ta karɓi 40? Sauran 22, kusan jarka guda, a kan kafet za su ƙare, ruwan gishiri kuma, kusa da soket. Wanda ya tsara dokar kashi 20 wataƙila sai ya shekara bai ga ɗaukewar wuta ba. Mu nan a rana ɗaya sai a ɗauke sau uku, kuma ko da inbata akwai daren da batir zai ƙare ana barci. Saboda haka na ajiye zancen kashi. Awon da zan bi shi ne na wurin da zan bari ba ruwa.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Cikin kabad ɗin 110 ne a tsawo, 44 a faɗi, 70 a tsayi. Na tsaya a kan 90 da 40 da 40, lita 144. Kowace santimita a cikinsa lita 3.4 ce. In ruwan aiki ya tsaya a 22, kuma na bar santimita 3 daga baki don kada ya yi dam, akwai santimita 15 a buɗe, lita 51. Arba'in za ta shiga har da canji.

Tsayin 40 na zaɓa ba 45 ba, domin hannu ya samu hanyar shiga ta sama, kuma kofin sikima sai an ɗaga shi kafin ya fita. Faɗin 40 kuwa hita ce ta yanke shi. Mai wat 300 da nake da ita santimita 35 ce, ina so ta kwanta a gicciye ba tare da ta dogara da gilashi ba.

Na kai wa dattijon da ya saba yanka mini gilashi. Ya karanta takardar, ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam, wannan ai ya kusa jarka shida. Ka ce a cikin kabad zai zauna, ba mai ganinsa?"

"Haka ne, Baba. Kuma rabi kawai zan zuba masa."

"To sauran rabin fa?"

"Na ruwan da zai sauko ne in an ɗauke wuta."

Ya ɗan yi shiru yana goge dayamon ɗinsa na yankan gilashi a gefen riga, sannan ya ce, "Ashe kwata kake ginawa. Mai gina kwata ai da ruwan Agusta yake auna ta, ba da yayyafi ba."

Ban ƙara masa wani bayani ba, ya riga ya gane. Mun shirya a kan gilashi mai milimita 6, a goge bakunansa kada su yanki hannu. Silikon na liƙa gilashin ni na kai nawa, zalla, wanda ba a sa masa maganin fumfuna ba, domin irin na banɗaki da kicin maganin da ke ciki yana kashe abin da ke rayuwa a ruwa. Shamakan da za su raba shi ɗaki-ɗaki na ce ya dakata tukuna. Sai na ga halin ruwan da idona kafin a liƙa abin da ba ya ciruwa cikin sauƙi.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Tankin ƙasa ya zo, ya ƙi shiga. Mai walda ya kafa ƙarfe a tsakiyar gaban kabad don ya tallafi nauyi, kuma daidai ya yi, domin ruwa da dutse da gilashi za su haura kilo 350. Ni ne ban tuna cewa ƙofofin biyu kowacce 52 ce kawai ba. Yanke ƙarfen bai taso ba. Kafinta ya ɓalle falankin gefen dama, muka zura tankin ta nan a kan shimfiɗar soso, ya mayar da falankin da sukurori a maimakon ƙusa. Na sayo ragowar filawud a Kasuwar Katako ya yi ɗan dandamali a ƙasa don kada gilashi ya zauna kan ƙarfe kai tsaye.

Laraba, 4 ga Disamba

An gama haɗa bututai. Biyu ne ke sauka daga akwatin kusurwa, tsarin da ake kira Herbie. Na farko bakinsa na can ƙasa da na biyun da santimita 15, yana tafiya cike da ruwa ba iska, shi ya sa ba ya ƙara, kuma da bawul ake daidaita shi. Na biyu yana sama, kusan a bushe, yana jiran ranar da na farko zai toshe.

Mai aikin famfon ya zo da bawul na tagulla mai kyau, ya ce, "Yallaɓai, wannan sai jikokinka sun gaje shi." Na roƙe shi ya mayar ya kawo na roba. Gishiri yana cin tagulla, kuma ɗan jan ƙarfen da zai narke ya isa ya kashe jatan lande da dodon koɗi da murjani. Ya kuma ba ni shawarar bawul mai hana ruwa komawa baya. Na gode masa, amma ban sa ba. Ƙwayar yashi ɗaya ko ɗan koɗi ya maƙale a bakinsa, sai ya riƙa yoyo a hankali cikin dare, mutum kuwa ya saki jiki da shi.

An rubuta lita 2,500 a awa a kwalin famfon. Da ya hau mita ɗaya da ɗoriya, ya bi ta lanƙwasa uku, sai da ya yi daƙiƙa 24 kafin ya cika bokiti mai lita 10. Lita 1,500 ke nan a awa, wajen ninki biyar na tankin sama. Ya ishe ni. In ruwa ya cika gudu a ƙasa, kumfa ba ta samun damar tashi, sai ta bi famfo ta je ta dusashe tankin sama.

Lahadi, 8 ga Disamba

Yau ranar gwaji, da ruwan rijiya, ba gishiri. Na liƙa tef ɗin awo irin na tela a jikin tankin ƙasa, na zuba ruwa har 22 famfo na aiki. Uwargida ta naɗe kafet ta jingine a bango, ta ajiye tsumma da bokiti kusa da ni. 'Yata ta tsuguna da tocila a bakin kabad, ƙanena na riƙe da filogi.

"Yaya, in cire?"

"Cire."

Ƙarar famfo ta mutu, falon ya yi tsit, sai sautin ruwa yana sauka kamar ana tsiyaya shayi daga buta. Yarinyar na karantowa: "Abba, 25. Ashirin da takwas. Talatin, Abba, yana ta hawa!" Ni idona na sama, ina kallon layin ruwa yana zamewa a hankali a jikin gilashi, ya bar haƙoran akwati, ya ci gaba da sauka. Sai can bakin bututun ya fito, ya yi wani ƙwarƙwar kamar mai kurkure baki, komai ya tsaya. Talatin da uku. Santimita 11, lita 37 da ɗoriya, kusan abin da takarda ta faɗa. Saura santimita 7 zuwa baki.

Daga nan na huda bututun mayarwa da ƙaramin rami na milimita 4, ɗan ƙasa kaɗan da layin ruwa, domin ya shaƙi iska da wuri. Muka sake. Wannan karon a 28 da rabi ya tsaya. Na ji daɗi, amma sai na liƙe ramin da salatif muka maimaita, ya koma 33. Ramin nan watarana gansakuka ko ɓawon gishiri zai toshe shi, ko dodon koɗi ya kwanta a kai daidai lokacin da za a ɗauke wuta. Don haka 33 ce lambar da na rubuta da maka a cikin ƙofar kabad.

Uwargida ta ce, "Abban yara, a shimfiɗa kafet ɗin?" Na ce a shimfiɗa.

Alhamis, 19 ga Disamba

Hunturu ya kankama. Leɓe na tsagewa, ƙura ta yi wa murfin kabad fari, da asuba ma'aunin zafi na falo yana nuna digiri 17. Hita na riƙe ruwan a 25, kuma kifin da nake so tsakanin 24 da 26 yake rayuwa. Ruwa mai ɗumi a cikin busasshiyar iska mai sanyi, ga fuska biyu a buɗe, ta sama da ta ƙasa. Kwana goma ina auna shi kowace safiya bayan sallah: santimita ɗaya da rabi yake sauka a rana, lita 5. Ban zaci ya kai haka ba.

Wannan ya rushe mini tsarin ɗakunan. Da zarar an liƙa shamaki, tankin sama da ɗakin sikima ba sa sauka ko kaɗan, kullum a cike suke har bakin shamakinsu. Duk ruwan da iska ta shanye a ɗaki ɗaya yake bayyana, na ƙarshe, inda famfo yake. A zanena na farko santimita 15 na ba shi, don in samu wurin shuka ciyawar teku da ke shanye datti. Ɗaki mai 15 kowace santimitarsa rabin lita ce da kaɗan. Ruwansa zai tsaya a 19, famfo kuma yana fara jan iska in ya sauka ƙasa da 10. Tara sau 0.58, lita 5. Kwana ɗaya tak. In na tafi ɗaurin aure Bauchi na kwana, kafin in dawo famfo ya bushe ya ƙone.

Sai na ce to a ba shi 36, ya ɗauki kwana biyu da rabi. Da na zauna da takarda na ga nan ma akwai tarko. A ce bututan sauka biyu sun toshe, famfo bai san an yi ba, zai ci gaba da kwashe abin da ke ɗakinsa yana turawa sama har ya ƙare. Tankin sama santimita 3 kawai ya rage masa zuwa baki, lita 17. Ɗaki mai 36 zai tura lita 18 kafin ruwansa ya sauka zuwa bakin famfo. Ambaliya ta koma sama ke nan. Hunturu na cewa a faɗaɗa, toshewa na cewa a matse, ɗakin guda ɗaya.

Na tsaya a 30. Kowace santimita lita 1.16. Daga 19 zuwa 10 akwai lita 10, kwana biyu na hunturu. In ya kwashe har bakin famfo a santimita 6, lita 15 ce, tankin sama zai iya haɗiye ta. Ciyawar teku na haƙura da ita a yanzu, kuma na ji zafin hakan, don na so ta ƙwarai.

Kwana biyun nan ma na larura ne kawai. Ruwa ke tashi, gishiri na nan. Duka ruwan tsarin, in an cire abin da dutse zai cinye, wajen lita 320 ne. In lita 10 ta tafi, gishiri ya tashi daga 35 cikin dubu ya haura 36, kuma in aka kwarara ruwan daɗi lokaci ɗaya ya faɗo lokaci ɗaya. Hawa da saukar nan ita ke wahalar da kifi. Saboda haka ciko safe da yamma, da tataccen ruwa marar gishiri.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Mun kwashe ruwan, muka zaro tankin ta gefen da kafinta ya sa wa sukurori, ya kwana biyu yana bushewa. Baba mai gilashi ya zo har gida ya liƙa shamakan. Ɗakin farko 15, inda ruwa ke faɗowa cikin jakar tacewa. Na biyu 36, na sikima da hita. Hitar a nan ta dace domin zurfinsa ba ya sauyawa, in a ɗakin famfo take ruwa ya janye ya bar ta a fili, fashewa za ta yi. Sai shamaki uku a jere, tazarar santimita 2 da rabi tsakaninsu, ruwa ya hau na farko, ya bi ƙarƙashin na biyu, ya hau na uku, kumfa ta tsere a hanya. Baba ya tokare na tsakiyan da guntayen katako biyu har silikon ya kama. Mako guda na bar shi, sai da warin tsamin ya ɓace gaba ɗaya.

Gishirin daga Legas aka aiko mini. Hajiyarmu ta tambaya me ya hana in sayi buhu a kasuwa. Na ce mata, "Hajiya, na miya abu ɗaya ne kusan zalla, na teku kuwa yana tafe da su kalsiyam da magniziyam, da su murjani da koɗi ke gina jikinsu." Kusan kilo 12 ya shiga kafin ma'aunin gishiri ya nuna 1.025.

Layin cikawa na ƙarshe da famfo a kashe na fitar da shi. Na toshe ramin, na bar komai ya sauko ya tsaya, na ƙara ruwa har saura santimita 4 zuwa baki, sannan na kunna. Inda ruwan ɗakin famfo ya tsaya na ja jan layi. Na nuna wa kowa a gidan, har da ƙanena mai son taimako: ko me ya faru, ba a wuce jan layin nan. Layin yau da kullum baƙi ne, yana ƙasa, a 19.

Juma'a, 17 ga Janairu

Daren Laraba wuta ba ta zo ba tun la'asar, batirin inbata ya ƙare wajen ƙarfe uku. Ƙwarƙwar ɗin bututu ne ya tashe ni. Na fito da tocila na buɗe kabad: ruwa ya shafe kan shamakan duka ya zama shimfiɗa ɗaya, ya tsaya a 27. Na taɓa kafet, a bushe. Da asuba zafin ruwan ya sauka zuwa 23, domin hita ba ta kan inbata, wat 300 za ta shanye batir cikin ɗan lokaci. Na lulluɓe tankin sama da bargo har aka kawo wuta, famfo ya tashi da kansa, bututun farko ya yi 'yan mintoci yana tari kafin ya kori iska ya yi shiru.

Abin da daren ya nuna mini shi ne iskar shaƙa. Ruwan gishiri dama bai kai na daɗi riƙe ta ba, ga shi a tudun Jos iskar ta fi ta bakin teku sauƙi, kuma in famfo ya tsaya fuskar ruwa ta kwanta. Yanzu ba kifi, ba komai, amma kafin su zo sai na samu ƙaramin injin kumfa mai batir wanda ke tashi da kansa in wuta ta tafi.

Dutse da yashi sun kwana goma sha ɗaya a ciki. Gwajin safiyar yau ya nuna amoniya, gubar da ruɓaɓɓen datti ke saki, ta fara sauka, naitirait, gubar da take rikiɗewa ta zama, na hawa, alamar ƙwayoyin da ke cinye guba sun fara zama. Yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida, ba zan sa kifi ba sai dukansu biyu sun koma sifili. A gefen hagu na tankin ƙasa akwai sarari na santimita 20 da ya rage a kabad. Gobe zan kai wa Baba awon wani siririn tanki, 18 da 40 da 40, na ruwan ciko, mai ɗan famfo da na'urar da ke jin saukar ruwa. Lita 25 zai ɗauka, kwana biyar na hunturu. Sai dai in na'urar ta maƙale ta juye shi duka, ga kuma ɗaukewar wuta a kai, 25 da 38 sun zama 63, ni kuwa 51 nake da ita. Don haka lita 12 zan riƙa zuba masa, in ja masa nasa jan layin.